Neman aikin bincike a jami'o'in fasaha na Jamus bayan digirin digirgir

Wanda ya kammala digirin digirgir a fannin kimiyya ko injiniyanci, yana kuma son ya ƙara gogewa a ɗakin gwaje-gwajen da kayan aiki suka wadata, ya kamata ya san abin da ake kira fosdok. Aiki ne na bincike mai wa'adi, yawanci shekara ɗaya zuwa uku, a ƙarƙashin wani farfesa. Jamus na cikin ƙasashen da ke ɗaukar baƙi sosai, musamman manyan jami'o'inta na fasaha tara da suka haɗu a ƙungiyar TU9, irin su ta Munich da aka kafa a 1868, da RWTH Aachen, da ta Berlin, da KIT ta Karlsruhe.

Hanyoyin samun wannan aiki biyu ne. Ta farko, farfesa ya samo kuɗin wani bincike sai ya tallata gurbi a shafin jami'arsa ko a shafin tallar guraben bincike na EURAXESS, a ɗauke ka kwantiragi, a biya ka albashi bisa matakin E13 na ma'aikatan gwamnatin jiha. Ta biyu, ka zo da kuɗinka daga wata gidauniya. Ga 'yan Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, tallafin Georg Forster na Gidauniyar Alexander von Humboldt ya fi dacewa, domin don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa aka yi shi. Ana so kada digirinka ya wuce shekara huɗu, ana ba da wata 6 zuwa 24, kuma dole binciken ya amfani ƙasarka, kamar tsabtace ruwan sha ko wutar sola. Akwai kuma tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, wanda ke karɓar mai shekara har takwas da kammala digiri.

Ko ta wace hanya ka bi, farfesan da zai karɓe ka shi ne komai. Gidauniyar Humboldt ba ta duba takardarka sai da amincewar mai masaukinka, kuma a nan ne da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ke yin asara, abin da ke ba ni takaici matuƙa. Sukan rubuta wasiƙa guda su watsa wa farfesoshi barkatai, ba sa ko ambaton aikin mutumin. Irin wannan wasiƙa ba a amsa ta. Zaɓi mutum uku ko huɗu waɗanda ka riga ka san rubuce-rubucensu tun kana haɗa kundinka. Karanta maƙalunsu na baya-bayan nan da kyau, sannan ka rubuta imel gajere da Turanci: wane ne kai, wace maƙalarsa ce ta ja hankalinka, wace tambaya kake son amsawa, wace na'ura ko dabara ka ƙware a kanta. Ka liƙa maƙalarka mafi ƙarfi guda ɗaya ko biyu.

Game da maƙalu, biyu a mujallar da masana fanninka ke girmamawa sun fi goma a mujallun da ke buga komai idan an biya su. Farfesan Jamus ya san bambancin, don haka kada ka cika takardarka da maƙalun irin waɗannan mujallu.

Turanci ya isa aiki a ɗakin gwaje-gwaje, amma ɗan Jamusanci zai sauƙaƙa maka neman gida, kuma Humboldt na biyan kuɗin koyon harshen. Idan kai malami ne a jami'a, fara neman izinin tafiya a rubuce da wuri, ka kuma tabbatar takardar shaidar digirinka ta asali tana hannunka kafin ka nemi biza.