Hakkin Kasuwa Da Unguwa A Kan Hukumar Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako zai duba abin da Shari'a ta ɗora wa hukumar gari game da masu ƙananan sana'o'i da kuma raya unguwannin da suka lalace. Mutane da yawa suna zaton gyaran kasuwa da yashe magudanar ruwa sha'anin duniya ne kurum, babu ruwan malamai da shi. Wannan zato kuskure ne. A cikin Suratu Hudu, aya ta 61, Annabi Salihu ya tunatar da mutanensa cewa Allah ne ya halicce su daga ƙasa, ya kuma zaunar da su a cikinta domin su raya ta. Saboda haka raya gari amana ce, kuma wanda aka ba shugabanci shi ne farkon wanda za a tambaya.

Kasuwar Madina

Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622, Muhajirai sun baro dukiyarsu a Makka, sun zo hannu rabbana. Bukhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Rabi'u ya nemi ya raba dukiyarsa biyu da Abdurrahman ɗan Aufu, amma Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya tafi kasuwar Banu Ƙainuƙa'a, ya dawo da ribar cuku da man shanu, kuma daga wannan ɗan abu ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

Daga baya Manzon Allah ya zaɓi wani fili a yamma da masallacinsa ya mai da shi kasuwar Musulmi. Ibn Majah ya kawo ruwayar da ke nuna sharuɗɗa biyu da aka gindaya: kada a rage filin, kada kuma a ɗora haraji a kansa. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa hukuncin kasuwa kamar na masallaci ne, wanda ya riga zama a wuri shi ya fi cancanta da shi a wannan yini har ya tashi. Hikimar a fili take. Mai ƙaramin jari ba ya iya sayen rumfa, ba ya iya biyan kuɗi tun bai yi ciniki ba. In aka buɗe masa fili kyauta, sai ya kasa ɗan abin da ya samu, ya koma gida da abincin iyalinsa.

Manzon Allah bai kafa kasuwar ya juya baya ba, yakan shiga ya duba. Muslim ya ruwaito cewa ya sa hannunsa cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya umurce shi da ya fito da jiƙaƙƙen sama domin mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Haka nan ya hana tare fatake a bayan gari a saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba, ya hana ƙara kuɗin kaya ga wanda ba ya nufin saye sai don ya ruɗi wani, ya kuma hana ɓoye abinci don a jira tsada. Daga nan ne aikin hisba ya samo asali, watau a naɗa muhtasibi mai duba mudu da sikeli da ingancin kaya. Farkon Suratul Muɗaffifina ya isa gargaɗi ga masu tauye awo.

Jari ya fi sadakar yini ɗaya

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya zo yana roƙo. Manzon Allah ya tambaye shi abin da ke gidansa, ya ce wata shimfiɗa ce da ƙwaryar shan ruwa. Aka kawo su, aka yi gwanjonsu dirhami biyu. Ya ce masa ya sayi abinci da ɗaya, ya sayo gatari da ɗayan, sa'an nan ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ce ya tafi ya yi itace ya sayar, kada ya dawo sai bayan kwana 15. Da ya dawo ya tara dirhami 10.

A lura da matakan: an duba abin da mutumin ya mallaka, an samar masa kayan aiki, an nuna masa sana'a, an yanka masa wa'adi, an kuma bi sawunsa. Wannan ya bambanta ƙwarai da raba kekunan ɗinki a filin taro a ɗauki hoto, washegari kekunan su koma kasuwa domin waɗanda aka ba ba su iya ɗinki ba.

Raya mataccen wuri

Malaman fiƙihu suna da babi da suke kira raya matacciyar ƙasa. Asalinsa hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, mai nuna cewa wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, ta zama tasa. A mazhabar Malikiyya, in wurin yana kusa da gari sai da iznin shugaba, domin kada a cuci jama'a. An ba Bilalu ɗan Harisu Almuzani fili mai faɗi a kwarin Aƙiƙu, amma da Sayyidina Umaru ya ga ya kasa raya shi duka, sai ya bar masa abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi. Wannan hujja ce a kan filayen da hukuma ke bayarwa a tsakiyar gari, a kewaye su da katanga shekara da shekaru ana jiran su yi tsada, su zama juji da maɓoyar ɓata-gari.

Game da hanya kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa in aka yi saɓani a kan faɗinta sai a bar kamu 7. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuma yana cikin rassan imani. Wanda ya ci hanya da gini, ko ya toshe magudanar ruwa da shara har damina ta rushe gidan maƙwabcinsa, ya ɗauki hakki. Hukumar da ta gani ta kau da kai ita ma tana da kasonta na alhaki.

Akwai kuma hubusi, watau wakafi. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, Sayyidina Umaru kuma ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta na mabukata ne. A garuruwan Musulunci da yawa an riƙa gina rumfunan kasuwa a mai da su hubusi, kuɗin hayarsu ya riƙe masallaci da makaranta da rijiyar unguwa.

Abin da magabatanmu suka yi

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan ilmi. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya kuma faɗaɗa ganuwar birni. A zamaninsa ne Shaihu Almagili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarakuna. Da Bature Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki abin da masu kula da kasuwa ke karɓa daga hannun masu ciniki ba bisa hakki ba, har ya ambaci tawasa, watau naman da ake karɓa wurin mahauta kowace ranar kasuwa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji littafin Usulus Siyasa. A ciki ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sa kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu, ya kuma gyara kasuwanni da hanyoyi.

Halin da muke ciki

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka tabbatar da su a matsayin hukumar da ta fi kusa da talaka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukansu, ciki har da kafa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kula da su, da gyaran tituna da magudanan ruwa, da kwashe shara. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ashe nauyin da Shari'a ta ɗora, dokar ƙasa ma ta ɗora shi.

Amma dubi asarar da aka sha. Gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris na 2021, da kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Mun yi imani da ƙaddara, amma imani da ƙaddara bai sauke wajibin riƙo da sababi ba. Inda aka cike hanyoyin kasuwa da rumfuna har motar kashe gobara ba ta iya shiga, aka bar wayoyin lantarki a harɗe, ba a tanadi ruwa ba, akwai tambayar da za a amsa a gaban Allah.

Wata musibar kuma takan biyo bayan gyara. A rushe tsohuwar kasuwa, a gina sabuwa mai benaye, sa'an nan a sa wa shagunan kuɗin da 'yan tebur da 'yan koli ba za su taɓa iya biya ba. Masu hali su saye goma goma su ba da haya, tsofaffin mazauna wurin su koma bakin titi, gobe kuma a kore su. Gyaran da ya fitar da talaka daga inda yake cin abinci ya saɓa wa manufar aya ta 7 ta Suratul Hashri, wadda ta hana dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Mai tambaya zai ce, in an hana haraji a kasuwa, da me hukuma za ta biya masu shara da masu gadi? Amsa ita ce, akwai bambanci tsakanin kuɗin hidima da makasu. Hayar rumfar da hukuma ta gina, da kuɗin gadi da shara da aka sanar da adadinsu, aka ba da rasit, aka kuma yi aikin, ijara ce halattacciya. Amma a tare mai tallan ƙosai mutum uku a yini ɗaya, kowa da tikitinsa, babu wanda ya share mata ko da gaban teburinta, wannan shi ne makasun da aka yi wa mai karɓarsa gargaɗi mai tsanani.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowace kasuwa da za a gina ko a sabunta, a ware fili na masu ƙaramin jari, a kuma rubuta sunayen tsofaffin masu rumfuna tun kafin rushewa, su ne farkon waɗanda za a ba.

Na biyu, a haɗa kuɗaɗen da ake karɓa su zama guda ɗaya sananne, a kafe adadinsa a ƙofar kasuwa, a riƙa bayyana wa 'yan kasuwa abin da aka tara da abin da aka yi da shi.

Na uku, a samar da jari marar riba. Aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba, ta 280 ta yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282 kuma ta yi umurni da rubuta bashi. Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003, bankin Jaiz kuma ya fara aiki ba da riba ba a 2012, saboda haka hanyoyin suna nan. Malamai sun halatta a ba matalauci mai sana'a zakkar da za ta saya masa kayan aikinsa. Wanda kuma ya karɓi rance ya sani bashi ne, in ya ƙi biya ya toshe wa na bayansa ƙofa.

Na huɗu, a ƙidaya kangaye da filayen da aka bari a kowace unguwa. Na gado a taimaka wa magada su raba, na hukuma kuwa a yanka wa masu riƙe da su wa'adi.

Na biyar, mai unguwa da liman da sarkin kasuwa da attajiran unguwa su ma su tashi. Gayyar yashe kwata kafin damina, da hubusin rumfa ɗaya domin marayu, da sayayya a wurin maƙwabci, duk ba sa jiran iznin kowa.

Allah ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya tsare su daga gobara da algus, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon cin halal. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.