Darasi Daga Mombasa: Iska, Ruwa da Ƙasar da Aka Ba Mu Amana

Darasinmu na wannan karo zai kai mu Mombasa, birni na biyu a girma a ƙasar Kenya, wanda yake bakin Tekun Indiya. Masu karanta tarihin bishara sun san sunansa, gama a nan ne Johann Ludwig Krapf ya sauka a 1844, aka kuma kafa mishan na Rabai kusa da birnin a 1846. Baƙi daga Turai da sauran ƙasashe sukan zo kowace shekara domin farin yashin bakin teku da tsohuwar ganuwar Fort Jesus, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593. Amma mutane fiye da miliyan ɗaya da suke zaune a birnin suna shaƙar abin da baƙo ba ya daɗewa har ya shaƙa.

Shekaru da yawa babban jujin birnin yana Kibarani, a gefen hanyar da ta taso daga filin jirgin sama zuwa tsibirin. Shara tana ci da wuta, hayaƙi yana rufe hanya, ruwan jujin kuma yana gangarawa cikin teku. An rufe shi a 2018, aka mai da wurin filin shaƙatawa. Wannan abin yabo ne, sai dai sharar ba ta ɓace ba. An karkata ta zuwa Mwakirunge, bayan gari, inda baƙi ba sa zuwa amma talakawa suna zaune. Ga ƙazantar bayan gida da take shiga rafukan birnin ba tare da an tace ta ba, ga hayaƙin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Uganda da Ruwanda.

Abin da ya fi tsayawa a zuciya shi ne labarin unguwar Owino Uhuru. A 2007 aka buɗe masana'antar narka tsofaffin batiran mota a jikin gidajen mutane, domin a fitar da dalmar da take ciki. Ƙurar ta sauka a kan rufin gidaje da tukwane, ruwan masana'antar kuma ya bi ta inda yara suke wasa. Gubar dalma ba ta da wari, ba ta kuma nuna kanta da wuri. Takan taru cikin jini da ƙashi, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta jawo ɓari ga mai ciki. Wata ma'aikaciyar wurin, Phyllis Omido, ta gane haka ne bayan jaririnta ya kwanta ciwo, aka gwada jininsa aka sami dalma. Ta bar aikin, ta tara mutanen unguwa, har aka kama ta a 2012 saboda zanga-zanga. An rufe masana'antar a 2014. A 2020 kotu ta ba da umarni a biya mutanen diyyar shilin biliyan 1.3, aka ɗaukaka ƙara, sai a ƙarshen 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar. Yaran da aka haifa lokacin da aka kunna wutar farko sun kusa zama manya kafin shari'ar ta ƙare.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara.

Yanzu mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A Farawa 2:15 Ubangiji ya ɗora wa mutum aiki biyu a gonar Aidan: noma da tsaro. Mun riƙe na farko da kyau, mun yi sakaci da na biyu. Ku karanta kuma Maimaitawar Shari'a 23:12-14, inda aka umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan sansani, kowa kuma ya binne ƙazantarsa. Dalilin da aka bayar ba likita ba ne, ba baƙo ba ne; Allah ne yake tafiya a tsakiyar sansanin. A ganina a nan ne birane irin Mombasa suke tuntuɓe, mu ma tare da su: mukan share inda idon baƙo zai kai, kamar yadda ake share harabar ikkilisiya ranar da babban baƙo zai zo, sa'an nan a zuba sharar a kwatar maƙwabci.

Kenya ta hana amfani da jakar leda a 2017, ta kuma hana shiga bakin teku da robobin da ake jefarwa bayan amfani ɗaya a 2020. Iyali ba sai sun jira doka ba. Kada a ƙona leda ko taya kusa da ɗaki. Kada a fasa tsohon batir a tsakar gida, kada yara su yi wasa da shi. A haƙa masai nesa da rijiya, a gangaren ƙasa da ita.

Lokacin sujadar iyali a wannan mako, ku tambayi yara su faɗi inda sharar gidanku take ƙarewa, da sunan wanda yake zaune kusa da wurin. In ba wanda ya sani, ku bi mai kwasar shara ku gani.