Idan An Ce Maye Ya Kama Ɗanka

Ya kai ɗan'uwa, wanda ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana neman hanyarsa tukuna, ga wani gwaji da zai iske ka har cikin ɗakinka.

Damina ta yi nisa a ƙasar Tambuwal, fadamu sun cika, ɗanka ya kwanta da zazzaɓi. Dare ya raba, jikinsa kamar garwashi, yana sambatu, har ya ambaci sunan wata tsohuwa ta maƙwabta. Kafin gari ya waye magana ta game unguwa, wai mayya ce, ta kama kurwarsa.

Ka san abin da ke biye. Za a kira boka ya yi turare, a jawo tsohuwar a tilasta mata ta tsallaka yaron domin ta saki kurwa, ana cewa ƙanƙarar maita tana cikinta, a nono ta sha. Waɗansu kuma su ce iska ce ta taɓa shi, a nemo 'yan bori da garaya, a yanka akuya. Wannan tsoro daɗaɗɗe ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi a 1804, ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna Tambuwal, malamai kuwa ba su fasa wa'azi a kan bori da tsafi ba. Ga shi shekara 200 da ɗoriya sun wuce, amma har yau in ƙafar yaro ta shanye sai a ce shan-inna, da sunan Inna, uwar iskokin bori.

To, kai fa, me za ka yi a daren nan?

Ka ɗauki yaron ka kai shi asibiti, kada ka jira boka. Tun 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin nan a cikin sauro, zafin jiki kuwa yakan sa ko babba ya yi maganar da bai sani ba. Sanƙarau da ya kashe dubban mutane a Arewa a 1996, ya kuma auka wa Zamfara da Sakkwato a 2017, ba tsohuwa ce ta kawo shi ba. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Ka yi addu'a a kan hanya, ka yi a bakin gadon.

Amma abin da ya fi wuya shi ne tsohuwar. Ka lura, da ƙyar ka ji an kira attajiri maye, ko mai 'ya'ya maza goma. Gwauruwa ake kira, da baƙuwa, da wadda ba ta da mai tsaya mata. Suna kuwa in ya kama ta ba ya saki: ba mai cin tuwonta, ba mai neman jikarta da aure. Doka ta tara a cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, sambatun mai zazzaɓi kuwa ba shaida ba ne. In ka yi shiru aka ja ta, da hannunka a ciki.

Ba mu ce maka babu miyagun ruhohi ba. Littafi Mai Tsarki ya ambace su, ya kuma nuna wanda suke rawar jiki a gabansa. Ka karanta Markus sura 5, labarin mutumin da ke kwana a makabarta, wanda sarƙa ta kasa riƙewa. Ubangiji ya kore su da kalma, bai tambayi wa ya yi masa ba, bai sa an kamo kowa ba.

Dangi za su ce ba ka ƙaunar ɗanka, watakila mahaifiyarka ce ma za ta fara faɗi. Ka amsa mata da ladabi, ka ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za a tsallaka ɗana ba." In yaron ya tashi, ka aike shi da ƙwaryar fura ya gai da tsohuwar, da rana, jama'a suna gani. In kuwa Allah ya karɓi abinsa, ka shimfiɗa mata tabarma a wurin zaman makoki tare da sauran mata.