Darasi na 12: Daga Legas Zuwa Landan a Jirgin Sama

Ɗalibi, a ce yayarka za ta tafi Ingila karatu a watan Disamba. Za ta tashi daga filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja, ta sauka a filin Heathrow na Landan. Kai ne aka ɗora wa nauyin buga wa kawunku waya, ka faɗa masa lokacin da zai je tarbarta. Idan ka kuskure lissafi, za ta zauna ita kaɗai da kayanta cikin sanyin asuba, a garin da ba ta san kowa ba.

Mu fara da nisa. Tsakanin filayen biyu akwai kimanin kilomita 5,000. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 ko makamancin haka a cikin awa ɗaya. Idan ka raba 5,000 da 850, za ka sami awa shida ba kaɗan. To, amma jirgi ba ya wannan gudu yayin tashi da sauka, don haka tafiyar takan ɗauki awa shida da rabi. Jirgin yakan nufi arewa, ya ƙetare hamadar Sahara da Bahar Rum, ya ratsa Faransa. Hanyar ma takan canja: a watan Agustan 2023, da Jamhuriyar Nijar ta rufe sararin samaniyarta, jirage sun yi ta zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

A nan sai ka lura da kalmomi biyu da ke yawan rikita masu koyon Hausa. "Awa" ko "sa'a" tana nuna tsawon lokaci, "ƙarfe" kuwa yana nuna abin da agogo ya buga. Bahaushe zai ce, "Mun yi awa shida a sama," ya kuma ce, "Mun sauka da ƙarfe shida." Na sha jin ɗalibai suna cewa sun yi tafiyar ƙarfe shida. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka lokacin tashi ake nufi.

Yanzu ga lissafin. Jirgin ya tashi da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare. Ƙara awa shida da rabi, ka ga ƙarfe shida na safe ke nan. Kada ka yi gaggawar ɗaukar waya tukuna, domin wannan agogon Nijeriya ne. A watan Disamba, agogon Landan yana bayan namu da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe biyar na asuba za ka ce wa kawu. Mutanen Ingila sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, agogonsu da namu ɗaya ne. Lokacin saukar da aka rubuta a tikiti kuwa, na garin da za a sauka ne.

Aiki

1. Da a watan Yuli yayarka ta yi wannan tafiya, ƙarfe nawa za ka ce wa kawu?
2. Gina jimla biyu da "awa", biyu da "ƙarfe".
3. Jirgi ya bar Landan da ƙarfe goma na safe a watan Janairu, ya yi awa shida da rabi. Ƙarfe nawa ya sauka a Legas?