Abincin Maraƙi Lokacin Rani

Maraƙi shi ne san noma na gobe, maraƙa kuwa ita ce saniyar tatsa. Idan suka sha yunwa suna ƙanana, sai su tsumbure, ko sun girma ba su da ƙarfi.

Abincin maraƙi na fari shi ne dakashi, wato nonon da uwa ke fara kawowa bayan haihuwa. Bayan 'yan makonni sai ya fara tsinkar ciyawa. Da damina ba shi da damuwa. Amma da rani ciyawa takan bushe, nonon uwa kuma ya ragu.

A ƙasar Damri da Bakura da Talata Mafara da Maradun akwai karan dawa. Akwai kuma karan shinkafa, domin ana noman rani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama ginawa a kan Kogin Sakkwato a 1978. To, kara yana cika ciki, amma ba ya gina jiki sosai. Maraƙi yana bukatar abin da masana ke kira furotin, wato sinadarin da ke yin tsoka.

Ina za a same shi? Yana nan a gonakinmu. Harawar wake da ta gyaɗa suna da shi, in an shanya su a inuwa ganyen bai kakkaɓe ba. Kowar wake ma tana taimako. Itacen gawo yakan zubar da 'ya'yansa da rani, daidai lokacin da ake nemansu. Tunkuza kuwa, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, kusan rabinta furotin ne. Akan daka ta a gauraya da dusa, a fara ba maraƙi kaɗan kaɗan.

Akwai abu biyu da za ku kiyaye. Na ɗaya, angurya tana da amfani ga manyan shanu, amma akwai wani dafi a cikinta wanda ke cutar ƙaramin maraƙi. Kada a ba shi sai ya yi wayo, ya iya tuƙa sosai. Na biyu, tunkuzar da ta yi fumfuna guba ce. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda sun ci irin wannan garin gyaɗa. Saboda haka a ajiye ta inda danshi ba zai kai ba.

Yaro mai hankali yakan taya mahaifinsa tara harawa tun da kaka, ya kuma ajiye wa maraƙi ruwa mai tsabta kullum.

Tambayoyi

1. Mene ne dakashi?
2. Don me kara kaɗai ba ya isar maraƙi?
3. Yaushe ake ba maraƙi angurya?