Me Ya Sa Kiɗan Reggaeton Da Na Drill Suke Kama Da Juna?

Tambaya: Idan na saurari reggaeton na Puerto Rico, da drill na Landan, da na samarin Kumasi, sai in ji kamar bugu ɗaya ne. Satar fasaha suke wa juna, ko kunnena ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, kunnenki bai yaudare ki ba. Gwada wannan: ki ƙirga ɗaya zuwa takwas da sauri, kina tafawa a kan ɗaya, da huɗu, da bakwai, ki yi ta maimaitawa. Tazarar za ta fita uku, uku, biyu. Za ki ji tafin yana ɗan ɗingishi yana jan jiki gaba. Mutanen Kuba suna kiran wannan tresillo.

Bugun ya girmi hip-hop nesa ba kusa ba. Ana jin sa a kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma ya tsallaka teku tare da mutanen da aka kwashe bayi. An raba su da gida da dangi, amma kiɗan yana jikinsu, ya tsira a Habana da New Orleans da Jamaika. Shi ma DJ Kool Herc, wanda ake danganta farkon hip-hop da shagalin da ya yi a Bronx a 1973, haifaffen Jamaika ne.

Tuwon ɗaya ne, miyar kowane gari daban. A 1990 Shabba Ranks na Jamaika ya fitar da waƙar "Dem Bow", sai makaɗan Puerto Rico suka gina reggaeton a kan kiɗanta: babbar ganga tana tafiya daidai wa daida, ƙaramar tana bin uku, uku, biyu. Drill kuwa a Chicago ya fara, amma da ya shiga Landan sai aka ƙara masa gudu, aka mayar da tsarin nan kan siririn sautin tsit-tsit da ke sama, amon ƙasa kuma yana zamewa sama da ƙasa. Wannan salon Landan ɗin Pop Smoke ya ɗauka a Brooklyn, shi ne kuma ya isa Kumasi wajen 2020 da sunan Asakaa, inda Yaw Tog ya yi fice da "Sore".

A ganina babu sata a nan, domin tsarin bugu ba mallakar kowa ba ne. Sata ita ce mutum ya yanko sautin faifan wani ya sayar ba da izini ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin harshe. Twi da Hausa suna da karin sauti, Hausa kuma tana bambanta dogon wasali da gajere, don haka mawaƙin gambarar zamani a Kano ko Jos ba zai iya zuba kalma yadda ɗan Landan yake zubawa ba. In ya tilasta mata bin kiɗan, ma'ana tana iya gocewa, dole ya nemi gurbin da kalmar za ta zauna da sautinta.