Yadda Addu'ar Asuba Ke Zama Jiki

'Yan'uwana ɗalibai, addu'ar safe ba ta zama jiki sai an tsayar mata da lokaci guda. A Jimeta da Yola ba sai da agogo ba: kiran sallar asuba na maƙwabtanmu Musulmi shi ke tashe ni, sai in ɗauki Littafi Mai Tsarki. A watannin Maris da Afrilu kuwa, da rana ta ɗaga zafi kan raba hankali, shi ya sa sanyin asuba ya fi. Markus 1:35 ya nuna Yesu kansa ya tashi tun da sauran duhu, ya keɓe don addu'a.

Tsarina minti 15 ne: biyar karatu, biyar tunani, biyar addu'a. Nakan karanta da murya, da Hausa, harshen da aka buga cikakken Littafin a cikinsa tun 1932. Da yake ba Hausa na tsotsa a nono ba, wannan na gyara mini furucin ɓ, ɗ da ƙ.

Ku nisanta waya da shimfiɗa tun da dare. Ran da kuka makara, kada ku karaya, gobe ku tashi. Sannu ba ta hana zuwa.